Gubar da Ba Ta Sauya Launin Ruwa

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk wanda ya kunna rediyo a Ghana yanzu zai ji maganar galamse, wato haƙar zinariya ta bayan fage, da yadda ta mayar da kogunan Pra da Offin da Ankobra da Birim ruwan laka. A watan Agustan 2024 kamfanin ruwa na ƙasa ya fito ya ce a matatarsa ta Sekyere Hemang da ke kan Pra, ma'aunin dagulewar ruwa ya kai 14,000, alhali injinan an ƙera su ne don 2,000. Kowa ya ga hotuna, kowa ya yi tir, kuma hakan daidai ne. To amma laka ido yana ganinta. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani sinadari ne da idan ya shiga rafi ruwan zai ci gaba da zama garau, ba launi ba kumfa, sai dai a wayi gari a ga kifi ya juya ciki sama. Sunansa sayanaid, kuma ya fara shigowa ɗakunanmu na Zango cikin buhun shinkafa.

Ni ba likita ba ne, ba kuma malamin jami'a ba. Direban tirela ne ni, haifaffen Aboabo a nan Kumasi. Ƙarshen aikina na yi shi ne a wani kamfanin sufuri da ke ɗauko sayanaid daga tashar jirgin ruwa ya kai wa manyan kamfanonin zinariya, waɗanda da shi suke narkar da zinariya daga cikin niƙaƙƙen dutse, dabarar da aka gano a Glasgow tun 1887. Saboda haka na san kayan nan da idona, na kuma san irin tsoron da masu shi suke yi masa.

Yana isowa cikin kwantena a rufe da hatimi. A ciki akwai akwatunan katako, kowane ɗaya tan guda. Cikin akwati akwai buhu mai kauri, cikin buhun kuma akwai leda da aka like bakinta, duk don kada danshi ya taɓa shi. Shi kansa fari ne fat, an dunƙula shi ƙanana-ƙanana, wanda bai sani ba zai ɗauka kafur ne irin wanda mata ke jefawa cikin akwatin tufafi. A jikin kwantenar akwai lamba 1689, da ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a gicciye, sannan da wani hoto na mataccen kifi kusa da busasshiyar bishiya. Ba mota ɗaya ke tafiya ba, ayari ne, da motar rakiya a gaba. Kafin a tashi sai an auna numfashin direba, an duba taya da birki. Ba a tafiyar dare. Ba a tsayawa kusa da gada ko bakin rafi, ko da salla za ka yi sai an kai wurin da aka riga aka zaɓa. A motar rakiya akwai tukunyar iskar oksijin, da tampol, da shebur, da wata 'yar na'ura da ake rataya wa a ƙirji, wadda take ƙara idan iskar gubar ta tashi. Abin yana da wari, amma ba kowane hanci ke jin sa ba, wannan halitta ce ta gado, shi ya sa ba a dogara da hanci.

Kafin a ba mutum sitiyari sai ya zauna a aji. A nan ne na fara sanin cewa hoton kifin nan ba ado ba ne, sakamakon gwaji ne, kuma gwajin yana da tsari wanda duniya ta yarda da shi. Ina son in ɗan tsaya a kansa, Malam Edita, don rashin saninsa ne ke sa mutanenmu suna auna guba da ma'aunin da bai dace ba.

Masu binciken sukan jera tankunan gilashi, su zuba ruwa iri ɗaya, su saka kifi iri ɗaya masu girma ɗaya. Tanki guda a bar shi ba a sa masa komai, don a san ko kifin da ma ba shi da lafiya. Sauran a sa musu sinadarin, wannan kaɗan, na gaba ya fi shi, na gaba ya fi wancan. Sai a zuba ido awa 96, wato kwana 4, ana ƙirga waɗanda suka mutu. Yawan sinadarin da ya kashe rabin kifin shi ne lambar da ake rubutawa, ana kiranta LC50. Idan lambar ƙarama ce, gubar mai ƙarfi ce, domin kaɗan ya isa. Ba a tsaya ga kifi kaɗai ba. Ana gwada wani ɗan mitsitsin ƙwaron ruwa mai suna dafniya na awa 48, a ga yawan da zai hana rabinsu motsi, sannan a gwada gansakuka ta awa 72, a ga yawan da zai hana ta yaɗuwa. Hikimar ita ce ƙwaron yana cin gansakuka, 'ya'yan kifi suna cin ƙwaron. Ko kifi bai mutu nan take ba, idan abincinsa ya ƙare, rafin ya mutu.

Daga waɗannan lambobi uku ake ɗaukar wadda ta fi ƙanƙanta a sa sinadarin a aji. Tsarin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2003 ya ce duk abin da miligiram 1 ko ƙasa da haka a cikin lita guda ya kashe rabi, yana aji na farko, mafi muni, shi ake manna wa hoton kifi. Daga 1 zuwa 10 aji na biyu, daga 10 zuwa 100 aji na uku. To ina sayanaid ya faɗa? Tsakanin miligiram 0.02 zuwa 0.08 a lita yana kashe kifaye marasa juriya. Idan ya haura 0.2, kusan babu kifin da ke tsira, kuma cikin ɗan lokaci. Ko a 0.005, inda ba ya kisa, an ga yana rage wa wasu kifaye ƙarfin iyo yana hana su hayayyafa. Shi ya sa hukumar kare muhalli ta Amurka ta ajiye iyakarta a 0.022 na ɗan gajeren lokaci, da 0.0052 idan abin zai daɗe a cikin ruwa.

Waɗannan lambobi ba sa shiga kai sai an mayar da su abin da muka sani, don haka na yi lissafi da kaina. Fiye da rabin nauyin farin dunƙulen nan, kamar kashi 53 cikin 100, shi ne ainihin gubar. Kilo ɗaya ke nan yana ɗauke da miligiram 530,000. Idan ka raba da 0.2, kilo ɗayan ya isa ya mayar da lita miliyan 2.65 ruwan mutuwa ga kifi. Idan tankar ruwa tana cin lita 10,000, tanka 265 ke nan. Kafin kuma a tsarma kilo ɗayan nan ya sauko iyakar 0.022, ana bukatar lita miliyan 24. Kilo ɗaya fa na ce, abin da zai shiga ledar siga. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan harka ido bai san komai ba.

Yadda yake kisa shi ne yana hana ƙwayoyin jiki amfani da oksijin. Iskar tana nan a cikin jini, amma jiki ba ya iya karɓa. Mutum babba, miligiram 200 zuwa 300 na iya kai shi lahira. Kifi kuwa ya fi mu shiga uku, domin shi ruwan yake shaƙa dare da rana ta gefen kansa, kuma duk abin da ke ciki yana wucewa jininsa kai tsaye. Ruwan da akuya za ta sha ta tafi abinta, kifi zai mutu a cikinsa. Don haka wanda ya ce "ai shanun Fulani sun sha, ba abin da ya same su" bai kawo hujja ba.

Bayan ƙarfin kisa, masu tantance sinadari suna yin wasu tambayoyi biyu: shin yana ruɓewa ya ɓace, ko yana zama? Shin yana taruwa a jikin mai rai, ko jiki yana fitar da shi? A nan ne yaranmu suke samun abin kafa hujja. Akwai wani yaro ɗan maƙwabcina da ke zuwa daji wajen aikin zinariya, ya dawo gida sa'i-sa'i. Na zaunar da shi bayan la'asar na yi masa wannan bayani. Ya saurare ni da ladabi, sannan ya ce, "Baba, ai rana tana cinye shi. Kuma ai har a rogo akwai shi, ga shi kullum muna shan gari."

Na ce masa, ɗana, maganarka akwai gaskiya a ciki. Sayanaid ba ya taruwa a naman kifi, kuma a buɗaɗɗen ruwa yana tashi ya bi iska, ƙwayoyin cuta ma suna cin sa. Rogo mai ɗaci kuma yana fitar da irin wannan guba, shi ya sa iyayenmu mata suke jiƙa shi, su matse, su soya, shi ya sa kuma suke korar awaki daga ruwan matsarsa. Amma kafin rana ta cinye shi, ya riga ya gama aikinsa. Yana tafiya da ruwa dunƙule guda, duk ƙauyen da ya wuce ya share abin da ke cikin rafi, daga tarwaɗa har ƙaguwa har ƙwan kwaɗo. Wanda ya nutse ƙarƙashin ƙasa kuwa, inda ba rana ba iska, yana iya daɗewa, kuma can ne rijiyoyi suke sha. Sannan idan ya haɗu da ƙarfe ko tagulla a cikin ƙasa yana ɗaurewa da su ya ƙi tashi da wuri.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda ake haɗa shi da zaiba, wato makuri. Zaiba halinta kishiyar na sayanaid ne. Ba ta kashe kifi nan take, amma ba ta ruɓewa har abada. Tana kwanciya cikin laka, ƙwayoyin cuta su sauya ta zuwa wani nau'i da jiki ke riƙewa, ƙaramin kifi ya ɗauka, babba ya ci ƙarami, mace mai ciki ta ci babban, ya tafi ƙwaƙwalwar ɗan da ke cikinta. Haka ya faru a Minamata ta ƙasar Japan, inda aka gano cutar a 1956. Yanzu abin da ake yi a dazukanmu shi ne a sayi ragowar yashin da aka riga aka wanke da zaiba, a zuba shi a rami, a kwarara masa ruwan sayanaid don a tatso sauran zinariyar da ta rage. Sayanaid kuwa yana narkar da zaibar ma, ya ɗauke ta daga inda take kwance ya tafi da ita cikin ruwa. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Ghana ta amince da ita a 2017, ta lissafa wannan aiki da sunansa cikin ayyukan da dole a kawar, tare da ƙona zaiba a fili da ƙona ta a cikin unguwa. Yaron bai taɓa jin haka ba. Ubangidansa bai faɗa masa ba, ina kuma kyautata zaton shi ma ubangidan bai sani ba.

Akwai wani mataki na ƙarshe a tantancewar, shi ne kwatanta abin da ake tsammanin zai isa ruwa da abin da ruwan zai iya ɗauka. Idan gwajin gajeren lokaci kawai ake da shi, masu binciken Turai sukan raba lambar da ta fi ƙanƙanta da 1,000 kafin su ce ga iyakar aminci, domin tankin gilashi ba rafi ba ne, kuma nau'i uku ba su ne dukan halittar ruwa ba. Ma'anar wannan a wurinmu ita ce wuri da lokaci suna sauya hukunci. Abin da babban kogi zai tsarma da damina, ƙaramin rafi ba zai iya ba da rani. Kuma an tabbatar cewa idan oksijin ya yi ƙaranci a ruwa, sayanaid ya fi saurin kisa. Rafukan Kumasi kuwa, da shara da bahaya da baƙin mai da ke cikinsu, da ma numfashinsu sama-sama yake.

Kada wani ya ce tsoro ne kawai na tsoho. Ranar 30 ga Janairun 2000, madatsar wata ma'adina ta fashe a Baia Mare ta ƙasar Romaniya, ruwa mai sayanaid kimanin kubik mita 100,000 ya bi kogin Tisza har ya kai Danube, ya kashe kifi fiye da tan 1,000 a Hungari. Bayan wannan ne aka tsara kundin ƙa'idojin duniya na sa-kai kan sarrafa sayanaid, wanda shi ne ya haifar da tsauraran ƙa'idojin da muka bi a kan hanya. A nan gida, cikin Oktoban 2001, ya zuba a kogin Asuman a yankin Tarkwa, mutanen Abekoase da Huni suka wayi gari da matattun kifi a ruwan da suke sha. A Oktoban 2009 ya malala daga ma'adinar Newmont ta Ahafo zuwa wani rafi da ke zuba cikin Subri, kifi ya mutu, gwamnati ta ci kamfanin tarar sidi miliyan 7. Waɗannan manyan kamfanoni ne masu injiniyoyi da na'urorin awo da tafkuna masu shimfiɗar roba, amma ya kufce musu. To ina ga ramin da aka haƙa da shebur a gefen rafi, aka shimfiɗa masa tsohon tampol?

Na taɓa wucewa ta wani ƙauye da sanyin safiya, ba da kaya ba, na ga mutane sun cika bakin gada. Na tsaya na leƙa. Ruwan yana gudu a hankali, kana ganin yashin ƙasansa, amma gefe da gefe karfasa ce da tarwaɗa sun yi fari, wasu suna buɗe baki a saman ruwa suna juyi. Mata da yara sun shiga har gwiwa da kwanoni da daro suna kwasa, suna murna. Wata ta riga ta hura wuta za ta fara banda. Na roƙe su da Tonancin da nake ji, wato yaren Ashanti, su fito daga ruwan su zubar, wasu suka ji, wasu suka ɗauke ni mai baƙin ciki. Kifin da aka banda yana iya ƙarewa a kowace kasuwa, har tamu ta Aboabo da Asawase.

Yanzu bari in zo kan abin da ya shafe mu kai tsaye. Kayan da na gani ana rakiyarsa da oksijin, yau yana yawo a bayan aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da cikin but ɗin motar haya, an juye shi cikin buhun da ba rubutu ba hoto. Kumasi mahaɗar hanya ce, mai zuwa Obuasi da mai zuwa Ahafo da mai hawa arewa duk ta nan suke bi, Zango kuwa masaukin baƙi ne tun zamanin fataken goro. Ɗan'uwa zai zo ya ce a ajiye masa kaya zuwa jibi, ba wanda zai tambaye shi mene ne a ciki, domin tambayar baƙo abin kunya ne a wurinmu. Na shiga wani ɗaki a unguwarmu na tarar da irin wannan buhu a ƙasa, jingine da bango mai danshi. Gefensa akwai tsoffin batiran mota biyu, a ɗaya gefen kuma tabarmar yara. Maigidan ya ce an gaya masa maganin wanke dutse ne. Jikina ya yi sanyi, domin abu biyu da aka fi gargaɗinmu a kansu su ne ruwa da asid. Danshi kaɗai yana sa ya fara fitar da iskar guba. Ruwan batir kuwa idan ya taɓa shi, a rufaffen ɗaki, babu mai fita. A manyan ma'adinai kullum sai an haɗa ruwansa da farar ƙasar laim don kada iskar nan ta tashi.

Duk wanda ya zauna a Aboabo ya san abin da rafin Pelele ke yi da damina. Cikin dare ruwa zai shigo ɗaki ya ɗaga katifa. Idan ya tarar da buhu irin wannan, da farko mutanen gidan, daga nan kwata, daga kwata zuwa rafin Aboabo, zuwa Sisa, zuwa kogin Oda. A hanya akwai masu noman latas da kabeji da suke ban ruwa daga waɗannan rafuka, da yawansu 'yan'uwanmu ne daga arewa. Can ƙasa kuma a Odaso ake jan ruwan Oda a tace wa mutanen Obuasi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya yi fitsari a ruwan da ba ya gudu. Ban ga yadda za a yi wanda aka hana wannan ya halatta wa kansa ajiye abin da zai kashe rafi tun daga Kumasi ba.

Ba na zagin yaran nan. Na san abin da ya kai su daji: ba aiki, ga iyaye, ga zinariya ta yi tsada. Da yawansu su ne suke gina wa uwayensu ɗaki. Laifin da nake gani yana kan wanda ya yage takardar da ke jikin kayan. Kowane sinadari na masana'anta yana zuwa da takardar bayani mai sashe 16. Sashe na 6 ya faɗi abin da za a yi idan ya zube, na 7 ya faɗi yadda ake ajiya, na 10 ya faɗi abin da ba a haɗa shi da shi, na 12 kuma shi ne ke ɗauke da lambobin kifi da ƙwaro da gansakuka. An kashe kuɗi da shekaru an yi binciken, an rubuta. Amma tsakanin tashar jirgi da hannun yaron da zai ɗebi abin da kofi, takardar ta ɓace. Ko da ta iso ma, da Turanci take, irin Turancin da ko ɗan sakandare sai ya yi gumi.

Don haka ina kira ga hukumar kare muhalli ta Ghana, wato EPA, wadda dokar 2025 ta ƙara wa iko, da Hukumar Ma'adinai, su taƙaita wannan takarda zuwa shafi ɗaya da Hausa da Tonanci da Dagbanci, a karanta a gidajen rediyon da Zango ke saurare, a manna a tashoshin mota da shagunan sayen zinariya. Hoton kifin nan a koya wa yara shi a makarantun boko da na Islamiyya, domin ba a jikin sayanaid kaɗai yake ba. Yana jikin durom ɗin kulorin da mata ke sayen na haɗa ruwan wanki, yana jikin magungunan feshi da yawa, kuma durom ɗin da ya ɗauki irin waɗannan bai kamata ya zama na ajiyar ruwan sha ba.

Akwai kuma maganar shaida. Saboda sayanaid yana tashi da wuri, jami'in da ya zo bayan kwana uku zai ɗebi ruwa ya auna ya ce bai ga komai ba, mai laifi ya sha. Ruwan gwaji sai an ɗebe shi da zafi-zafi, an sa masa soda irin ta yin sabulu don ya riƙe gubar, an ajiye shi cikin sanyi da duhu. Wannan ba kayan tsada ba ne. Ya kamata kowace majalisar gunduma da ke yankin zinariya ta sami kwalaben da mutumin da aka koya wa, wanda zai iya isa bakin rafi a ranar. Ina kuma roƙon malaman jami'ar KNUST ta nan Kumasi da cibiyar binciken ruwa ta CSIR su yawaita gwaji a kan karfasa da tarwaɗarmu, cikin irin ruwanmu mai ɗumi da laka, su kuma fito da sakamakon inda talaka zai ji. Yawancin lambobin da ke cikin takardun nan daga kifayen Turai da Amurka aka samo su.

Ga jama'a kuwa, idan kun ga kifi ya mutu da yawa lokaci ɗaya, kada a ci, kada a sayar, kada a shiga ruwan, a hana dabbobi, a aika wa ƙauyen da ke ƙasa da ku tun kafin ruwan ya isa gare su. Kada kuma wani ya ce zai kashe gubar ta hanyar zuba kulorin ko farazon, wato bilicin wanki, a rafi. A ajinmu an hana mu wannan da babbar murya, domin shi ma kulorin mai kashe kifi ne, sai a tara guba biyu. Idan busasshen ne ya zube a ƙasa, kada a wanke shi da ruwa, kada a share da hannu. A fitar da mutane, a tsaya ta inda iska ke fitowa, a kira lambar gaggawa 112.

Sarakunan Zango da limamanmu na Juma'a su ne suka fi kowa iya kawar da kunyar tambaya. Idan liman ya faɗa a kan mumbari cewa maigida yana da haƙƙin sanin abin da za a ajiye masa a ɗaki, ba wanda zai ƙara jin nauyin buɗe buhu. 'Yan'uwana direbobi, daga na tirela har na aboboya, ku ma kada ku ɗauki farin kaya marar suna don an ƙara muku kuɗin mota. Masu karatu na Najeriya da Nijar kuma, wannan ba labarin Ghana kaɗai ba ne. Ba a manta da yara fiye da 400 da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba, lokacin da ake niƙa dutsen zinariya a tsakar gida, kuma masu wannan sana'a suna ƙetare iyaka da dabarunsu.

Malam Edita, buƙatata ta ƙarshe gare ka ce. Sayanaid ba a yin sa a Ghana, kuma ba ya shigowa ta tashar Tema ko Takoradi sai da takardar izini. Ka tura wakilinka ya tambayi EPA da kwastan tan nawa aka ba da izinin shigowa da shi bara, tan nawa kuma kamfanonin da ke da lasisi suka karɓa. Idan lissafin bai haɗu ba, a faɗa mana inda ragowar ta bi. Idan ya haɗu, to na cikin buhun shinkafar ta kan iyaka yake shigowa, sai a san inda za a sa ido. Ina roƙon ka buga amsar da suka ba ka da Hausa.

Wassalam.

Naka,
Tsohon direban tirela,
Aboabo, Kumasi.